Manomin da Ya Tsare Gonarsa a Ruwa

A wata fadama inda kogi ke rarrabuwa, mutum uku ke cin moriyar ƙasa ɗaya: masunci lokacin ambaliya, manomi in ruwa ya janye, makiyayi bayan girbi.

Wata safiya da hadari ya haɗo, manomi ya ce ya gaji da rabo. Ya kifa turmi a tsakiyar gona, ya hau ya tsaya gadi.

Aka sheƙa ruwa, kogi ya yi ambaliya, har ruwa ya kai masa gwiwa. Masunci ya iso yana iyo bisa goransa, manomi ya daka masa tsawa, "Gonata ce!"

Ruwa ya kai ƙirji. "Gonata ce!"

Da ruwa ya kai haɓa, masunci ya dawo. "Baba, har yanzu gonarka ce?"

Manomi ya furzar da ruwa ya ce, "Ɗana, koginka ne. Matso da goran nan."