Baƙin Kujerar Baya

Da yammacin wata Talata, rana ta yi sanyi, wani direban motar makaranta ya dawo daga sauke yara. Maimakon ya shige ɗaki kamar kullum, sai ya zagaya bayan gida ya tsaya gaban tamfol. Shekara biyar rabonsa da ɗaga shi. A ƙarƙashinsa akwai tsohuwar motar Yayansa, irin mai zagayayyun fitilun nan da aka daina ƙerawa tun kafin a haife su, tana ɗore kan bulo huɗu, babu taya. Su biyu suka kwance ta noti-noti da niyyar mayar da ita sabuwa. Injin na ƙasa Yaya ya kwanta ciwo, kwana tara ya rasu. Tun daga nan, in direban ya zo wucewa ta wajen, sai ya kau da kai.

Ranar ma ba aiki ya kawo shi ba. Wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ne zai zo ya gani, ya sare ta gunduwa-gunduwa ya kwashe.

Ya yaye tamfol ɗin. Ya zaci ƙura zai tarar da gidan ɓera. Waje dai duk tsatsa, amma kujerar baya tas take, kamar yanzu aka goge ta, kuma da ya sa hannu ta taga ya taɓa, da ɗuminta. Ya janye hannun a hankali, ya mayar da tamfol, bai gaya wa kowa ba.

Ana idar da sallar magariba dutsen farko ya faɗo kan kwanon rufi. Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce yaran unguwa ne. Na biyu ya faɗo, na uku, a jere, ba gaggawa, kamar mai jifan yana hutawa tsakani. Direban ya fita da tocila ya zagaya gidan, bai ga kowa ba. Da ya duƙa ya ɗauki abin da ya gangaro daga rufin, sai ya ga ba dutse ba ne. Noti ne, baƙi, mai maiƙo, daga cikin gwangwanayen kayan motar da ya kulle a sito.

Yana tsaye da shi a tafin hannu, hon ɗin motar ya yi kuka sau ɗaya, dogo, a shaƙe. Motar ba ta da batir.

Haka aka yi kwana shida. Da zarar duhu ya fara sauka sai jifa, sai wata magana ƙasa-ƙasa daga bayan gida, kamar tsofaffi biyu na shawara. Mai sayen ƙarafan ya zo, ya sa ƙafa a ƙofar gida, ya ja da baya a firgice, ya juya bai sake dawowa ba.

A rana ta bakwai aka nemi Auta aka rasa. Ita ce ƙaramar 'yarsu, shekararta sha biyar, yarinya mai surutu da ko wanke-wanke take sai ta ba kwanuka labari. Uwar ce ta same ta cikin motar, zaune a ƙasan kujerar baya ta tanƙwashe ƙafa, tana fifita da murfin kwali, tana yi wa kujerar da babu kowa fifita. Da aka kamo hannunta, sai ta ɗago ta ce da wata murya mai kauri, ta tsohuwa, "Ku yi a hankali, barci yake."

Sun kai ta asibiti. An ɗibi jini, an haska kai, aka ce ba a ga komai ba. Da rana tana kwance ido buɗe, ba ci ba sha sai an ɗura mata. Da magariba sai maza biyu sun danne ta. Direban ya kan zauna bakin ƙofar ɗakinta, hannayensa zube kan gwiwa. Duk rayuwarsa in abu ya lalace ya san inda zai sa sufana. Wannan bai san ta inda ake kama shi ba.

Wani maƙwabci ya kawo Malam, dattijo siriri mai tabarau, wanda ya tsufa yana koyarwa. Ya sa aka zaunar da yarinyar a tabarma, uwar ta riƙe ta ta baya, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Can jikin Auta ya sanƙare, ta yi wani dogon nishi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Baƙuwa ce. Bishiyarmu aka sare aka yi gidaje. Muka yi ta yawo, ni da tsohona, har muka sami wannan a yashe. Shekara biyar ba mu taɓa ko cokalin gidan nan ba." Idanun yarinyar suka juyo kan uban. "Shi ya sani. Kullum yana wuce mu yana kau da kai. Yanzu kuma ya kira mai guduma."

"Ki fita daga jikin yarinya. Ba ta yi miki komai ba."

"In fita in je ina? Tsohona ba ya tashi. Ko ɗaga shi aka yi daga kujerar nan, ya mutu."

Malam ya ce za a ɗaure motar a jikin wata, a ja ta zuwa daji. Muryar ta yi wata busasshiyar dariya. "Mu ba gawa ba ne da za a ja mu da sarƙa. Da ƙafarta za ta fita, shi zai tuƙa. Ya kai mu inda babu ɗan Adam."

Malam ya koma karatu. Yarinyar ta yi ta murƙususu har jini ya fito mata ta hanci, uwar ta fashe da kuka tana roƙo a tsaya. Ya tsaya.

"Zan sake ta yau," in ji muryar, a gajiye. "Amma zan riƙe harshenta. Ranar da aka sauke mu, sai in mayar."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Da ta farka ta gane kowa, ta sha ruwa da hannunta, ta buɗe baki za ta ce Baba, babu abin da ya fito.

A ƙofar gida Malam ya cire tabarau yana gogewa. "Iyakar abin da na iya ke nan," ya ce. "In na matsa, yarinyar ce za ta karye. Ka gyara motarka."

Ba ƙwazo ne ya mayar da shi bayan gida ba. Da yana da wata hanya, da ita zai bi. Kullum in ya ajiye motar makaranta sai ya sa tsohuwar riga, ya yi sallama a bakin tamfol, ya yi aiki har rana ta yi ja, sannan ya tattara. A jikin kowane gwangwani akwai takarda da rubutun Yaya: na kafireta, na burkin gaba, kada ka taɓa wannan sai ina nan. Ranar da ya karanta ta ƙarshen, ya zauna a ƙasa da gwangwanin a cinya har aka kira salla, bai ɗaura noti ko ɗaya ba.

Kayan motar babu su a kasuwa. Ya bi gareji-gareji, wasu su yi dariya, wasu su ce kakansu ya taɓa yin irinta. Abin da bai samu ba ya kai wa mai walda ya ƙera, a kawo bai shiga ba, a sake. Sau biyu yana haɗa injin, sau biyu yana kwance shi. Wata rana ya jefar da sufana ya ce wa matarsa, "Ba zan iya ba. Yaya ne ya san ta, ni miƙo masa kaya kawai nake." Ba ta ba shi haƙuri ba. Ta ɗauko sufanar, ta goge da gefen zaninta, ta sa masa a hannu, ta ja kujera ta zauna tana wanke notuna cikin fetur. Auta kuma tana tsaye jikin bango, tana kallonsu.

Wata biyu da kwana goma sha ɗaya, ranar wata Asabar, injin ya yi tari, ya mutu, ya sake tari, ya kama. Baƙin hayaƙi ya cika gidan. Ba fenti, ba gilashin gefe ɗaya, amma motar tana kan tayoyinta.

Bai jira gobe ba. Ya fita da ita shi kaɗai bayan la'asar, a hankali, bai ko kalli madubi ba. Motar ta yi nauyi ta baya kamar an loda mata buhuna, kuma a kowane rami yana jin wani siririn nishi, sai ya ƙara rage gudu. Ya bar kwalta ya bi wata turba har gonaki suka ƙare, ya iso gindin wasu duwatsu da manyan itatuwa. Ya tsaya, ya zagaya ya buɗe ƙofar baya, ya ja gefe ya sunkuyar da kai.

An daɗe. Sannan bayan motar ya ɗago a hankali, ƙarafan ƙarƙashi suka yi ƙara. Ciyawa ta kwanta ta nufi duwatsun, sannu-sannu, kamar masu tafiya da mara lafiya.

Ya shiga ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake, ya buɗe gaba ya taɓa duk abin da ya sani, ko tari ba ta yi ba. Rana na faɗuwa, kwalta na da nisa.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Matarsa ce, amma ba ta yi magana ba, sai numfashi, sai motsin miƙa waya daga hannu zuwa hannu. Sannan wata ƙaramar murya, a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Baba, kana ina?"

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da tayar.

"Ga ni nan zuwa," ya ce. "A ƙafa zan taho, zan ɗan jima."