Bel Ɗin Da Bai Kai Ba

Da hantsi ne, ruwan marka bai ɗauke ba tun asuba. Saude na zaune a gaban mota ta riƙe ciki, gumi na tsattsafo mata duk da sanyin garin.

"Maigida, mu tafi... wallahi bayana zai ɓalle!"

"Yi haƙuri Saudena, yanzun nan."

Isa, mijinta, ya sake jan bel ɗin kujera. Bai kai ba. Saura kamar taƙi guda.

Cikin 'yan biyu ne, kuma ɗaya a gicciye yake. Malamar asibitin Haɗeja ta ce sai Kano, yau ba gobe ba. Maigidan da Isa yake yi wa tuƙi ya ba da aron sabuwar motarsa, irin waɗanda aka shigo da su zamanin kuɗin fetur, masu ɗamara a kujera. Amma kogi ya yi ambaliya, hanya duk ramuka ce a ƙarƙashin ruwa.

"Bar shi kawai, zan riƙe ƙofa."

"Ba zan bari ba! Rami ɗaya ya isa ya buga cikin nan da ƙarfe. Na gani da idona, rabin raina. Ba zan gani a kanki ba."

Ya saki bel ɗin, ya ce, "Mu biya ta wajen Baba."



Malam Kolo baduku, mahaifinta, bai taɓa amsa gaisuwar Isa ba. Shu'ibu ɗan ƙanen Malam Kolo, wanda ya so Saude bai samu ba, shi ya cika masa kunne cewa direban nan ganganci gare shi, wata rana a bakin titi za a tsinci 'yarsa. Da kawunta bai tsaya ba, da ba a ɗaura auren ba.

"Zai kore ka..."

"Ya kore ni. In dai zai ɗinka bel ɗin."

A ƙofar rumfar Malam Kolo Isa ya cire takalmi, ya durƙusa cikin taɓo.

"Baba, haihuwa ce ta zo da gardama. Ɗamarar motar ba ta zagaye ta. Ni kuwa ba zan taka mota da ita a sake ba."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"Kai ne ka tsaya don wannan? An ce ba ka san birki ba."



Malam Kolo ya zaro sabon majayi, ɗamarar ɗaure sirdin doki, ya fito cikin ruwan. Bai dubi Saude ba, don 'yar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa. Ya auna da tafin hannu, ya yanka bel ɗin, ya haɗa da majayin, ya ɗinke da basilla, layi bisa layi. 

Isa ya ja. Ƙarfen ya shiga, ƙwas!

"Ka ce wa yarinyar nan ta saukar da shi ƙasan cikin," in ji tsohon. "Kai kuma, ɗana... a hankali."

Saude ta rufe fuska da mayafi, hawaye na zuba.

Isa ya tayar da mota, sai taya ta kama juyawa a taɓo. Kafin ya buɗe ƙofa, ya ji an tura su daga baya.

Motar ta hau hanya. A madubi ya hango tsohon, rigarsa duk laka, ya riga ya juya zuwa rumfarsa.