Hantsin da Aka Hana Abbaji

"Shagufta, kwaɗo fa kika sa wa ƙofar soro!"

"Na sa ɗin. Gidan ubana ne ko na ubanka?"

Jamshed ya yi turus da kwanon gero a hannu. Maƙwabcinsu ne, soronsa na saman bene jingine da nasu kamar yadda gidajen tsohon birnin Lahore suke, kuma shi ne za ta aura bayan ƙaramar salla.

"Likita ya ce kada Abbaji ya ƙara hawa matakala," ta ce. "Ciwon zuciya ya kayar da shi sau ɗaya, so kake ya sake?"

"To ni zan riƙa goya shi! Kullum da hantsi in hau da shi, in sauko da shi. Mutumin da ya tsufa cikin tattabaru za ki rufe a ɗakin da ko taga babu?"

"Goyo? Buhun shinkafa ka mai da shi? In ka zame fa?"

"Haba rabin raina..."

"Riƙe daɗin bakinka! Tattabarun ma ka kwashe su ka haɗa da naka. In yana jin kukansu ba zai haƙura ba."

Jamshed ya ce a hankali, "Wallahi da so za ki kashe shi."

Maganar nan ita ta raba su. Ta zare zoben baikonsu ta jefa cikin kwanon geron, ta shige ciki.

Kada ku ga laifinta da yawa. Ita ce ta tsinci mahaifinta, Ustad Miraj, wanda take kira Abbaji, yashe a tsakiyar matakalar nan yana dafe da ƙirji. Uwa ta rasu, ba wa, ba ƙani. Amma fa duk unguwa an san Shagufta da kafiya, in ta ce a'a, ko limamin masallaci sai dai ya haƙura.

Ta kula da tsohon nan kamar ƙwai a cokali. Ba man shanu, ba gishiri, magani kan lokaci. Ta shimfiɗa masa gado a ɗakin ƙasa, a lungun da rana ba ta taɓa leƙowa ba saboda tsayin benaye.

"'Yata, yau akwai rana a waje?"

"Akwai, Abbaji. Sha maganinka."

Haka aka ci salla, aka sake cin wata. Ya fara kukan ƙasusuwansa na ciwo, ƙafafu ba ƙarfi, ta ce tsufa ne. Ya daina barkwancinsa, ta ce natsuwa ce. Wani lokaci takan same shi ya karkata kai yana sauraren fiton da Jamshed ke yi wa tattabaru daga sama, sai ta ƙara muryar rediyo.

Ciwon ya dawo wata safiya yana tsaka da shan shayi.

A asibiti, bayan an samu kansa, likitar ta kira ta gefe. Dattijuwa ce mai furfura, ba ta da kwana-kwana.

"Mun auna jininsa. Bitamin D ɗinsa ya yi ƙasa ƙwarai, wanda jiki ke samu daga hasken rana. Yaushe rabonsa da shan hantsi?"

Shagufta ta ƙirga watannin a ranta.

"Likita... shi ya jawo masa wannan?"

"Ban ce ba. Da yawan masu ciwon zuciyar da ake kawo mana haka muke samunsu, amma ba zan rantse miki shi ne sanadi ba. Ciwon ƙashin nan da rashin ƙarfi dai, da hannunsa a ciki."

"An ce kada ya hau matakala ne!"

"Matakala aka hana shi, 'yar nan. Wa ya hana shi rana?"

Wayyo Allah! Garin neman gira ta rasa ido. Ta koma bakin gadonsa ta kifa kai tana kuka kamar ranta zai fita.

"Abbaji, ka yafe mini... Me ya sa ba ka taɓa yi mini faɗa ba?"

Ya shafa kanta da hannun da ya zama ƙashi da fata.

"Na ga tsoro a idonki ne, 'yata. Na ce gara in rasa tattabaru da in ƙara miki shi."

Zuciyar ta riga ta gaji, likitar ba ta ɓoye ba. Aka sallame su da magunguna, aka ce a bar shi ya yi abin da ransa ke so.

Washegari Shagufta ta haɗiye girman kanta ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta. Jamshed ne ya buɗe. Ya rame, ya tara gemu. Ta miƙa masa makullin soron.

"Sai yau?" ya ce.

"Sai yau... Ka zage ni in kana so."

"Zagin me? Ni ma da nawa. Fushi ya sa na zura ido, alhali katanga ɗaya ce tsakaninmu."

Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da suka zuba masa mai. Jamshed ya durƙusa, tsohon ya rungumo wuyansa.

"Kai yaro, a hankali, ba jaki kake kora ba!"

"Ustad, ai ko 'yar shila ta fi ka nauyi."

Suka yi dariya su biyu. Ita kuwa tana biye da su, hawaye ya hana ta ganin matakalar.

Da suka fito soro, hantsi ya sauka a fuskar Ustad Miraj. Ya runtse ido, ya tara tafukansa kamar mai addu'a.

"Ashe rana tana nan..."

Ya haɗa leɓe zai yi fitonsa na da, iska kawai ta fito. Jamshed ya yi masa. Sai ga tattabaru sun taso daga soron maƙwabta sun yi gewaye a sama, wata fara mai baƙin wuya ta sauko ta dire a gwiwarsa.

"Wannan jikar Malika ce," ya ce yana murmushi. "Kakarta ma haka take da rashin kunya."

Jamshed ya ciro zoben baikon nan daga aljihu. Tsohon ya karɓa, da kansa ya zura wa 'yarsa.

"Kada a sake jefa shi cikin abincin tsuntsaye."

Hantsin da ya sha bai kai na wata guda ba, Allah ya karɓi abinsa.

Da bikin ya matso bayan shekara, gwaggonninta suka zo da kurkum da tufafi ruwan ɗorawa. Al'ada ce, a killace amarya a ɗaki kwanaki kafin ɗaurin aure, kada rana ta taɓa ta, don ta fito fes. Suka zaunar da ita a ɗakin ƙasa, kan gadon Abbaji, suka ja ƙofa.

Da hantsi ya ɗaga aka nemi amarya aka rasa. Gwaggo Parvin ta hau soro tana haki, ta same ta zaune a kujerar mahaifinta, tattabaru na cin gero a tafinta.

"Ke Shagufta! So kike ki yi baƙi a kai ki ɗakin miji? Sauko maza!"

Shagufta ba ta motsa ba. Hawaye na bin kumatunta, ta ɗaga fuska ga rana.

"Gwaggo, ki bar ni. Bashin hantsin Abbaji nake sha, kuma na san har in mutu ba zan biya ba."