Buzuzun Ƙirjin Jedhor

Tabes, ƙanwar marigayi Jedhor mai jiragen hatsi, ita ta sace layar buzuzu daga ƙirjin gawarsa. Ɗan doka Nesmin ne ya kama ta a garin Bubastis na tsohuwar Masar ana jajibirin jana'iza.

Harsiyes mai naɗe gawa ya gano satar da hantsi. Ya zo naɗin ƙarshe, ya taɓa ƙirjin, ya ji tsakuwar kogi a inda ya ɗora buzuzun koren dutse. Rubutun da ke cikin layar shi ke hana zuciya tona asirin mai ita ranar da za a ɗora ta a ma'aunin lahira. Wanda aka binne babu ita, komai ya aikata zuciyarsa za ta faɗa.

Nesmin ya fara da Harsiyes.

"Hannun naku ai bai saba mayar da abu ba."

"To ni na kira ka, sarkin hankali! Duba can. Layar idon Horus ta zinariya, ungulu ta zinariya, duk suna nan. Zan bar su in ɗauki dutse?"

Nesmin ya duba, haka ne. Wanda ya yi wannan ba dukiya yake nema ba, mamacin yake so ya kayar.

"Wa ya shigo?"

"Matarsa da ƙanwarsa. Sun kawo lilin, yadin naɗe gawa."

A gidan ya sami Irterau, matar marigayin, zaune a ƙasa, gashi a barbaje.

"Ni na sa aka sassaƙa layar," ta ce. "Kabari ɗaya za mu kwanta. In dodon ma'auni ya haɗiye zuciyarsa, wa zan tarar a can? Kai?"

Tabes na tsaye jikin ginshiƙi, ta naɗe hannu.

"Ka gama da ita? Ni ba ni da abin faɗa wa karen hukuma."

Rana ta take. Zufa ta gangaro mata daga goshi, ta jawo kwallin da ta zana a gira. Ƙarƙashinsa babu gashi ko ɗaya. Nesmin ya waiwaya: girar Irterau na nan, ta barori ma haka. A bakin rumbu akwai kaskon madara da ya bushe har ya tsage.

"Ina kyanwar gidan nan?"

Ya sake duban girar Tabes.

"Mutum ya mutu, gashi ake bari," in ji Nesmin. "Gira kuwa mutuwar kyanwa ake aske wa, kuma gida duka ke askewa, a kai gawarta haikalin Bastet, uwargijiyar kyanwoyi. Ke kaɗai kika aske, kika rufe da kwalli. Mutuwar da aka ɓoye ce. Wa ya kashe ta?"

"Tabes, rufa mana asiri," Irterau ta ce a hankali.

"Asirin wa? Kifin Jedhor ta ci, kifi ɗaya! Ya cusa ta a buhu ya jefa kogi ina kallo. Ya ce in na buɗe baki, mutanen gari za su ƙone gidan da mu a ciki. Dabbar uwargijiya, ko lilin ba ta samu ba. Shi kuma a naɗe shi da zinariya, a toshe wa zuciyarsa baki?"

"Yayanki ne, muguwa!" in ji Irterau.

"Ni na yi shiru. Ita zuciyar sai ta yi magana."

Nesmin ya sa aka ɗaure ta. "Ina layar?"

"Tambayi kogi. Ko kada ka tambaye shi."

An bincike ɗakinta, an haƙe gindin rumbu, masu su sun jefa taru a mashigin jiragen. Mai sassaƙa ya ce wani buzuzun ba zai kammalu kafin a rufe kabari ba, firistoci kuma sun ƙi ɗaga ranar.

Tabes na tsare. Gobe za a binne Jedhor, kuma har yanzu ba a ga layar ba.