Moto Mai Warin Tattasai

Inna Yelwa ba ta yi sallama ba. Ta shigo caji ofis na Sabon Gari a Gusau, ta buga tafin hannu a kan kantar ofishin.

"Wa ke babba a nan? Ɗana Sabiru na kwance asibiti, injin feshin fenti ya ja shi da wuta har hannu ya soye. Maigidansa kuma na yawo da shi a gari, wai shi ya ƙona inji da ganganci. Tun daga Karakkai na taho, kuma ba ni komawa sai an wanke shi."

Sufeto Abdulrasheed ya miƙa mata kujera. "Zauna, Inna, ki sha ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba, ɗan nan."

Sai ya ɗauki hularsa kawai, suka fita tare da wani kofur.

A shagon ƙofofin ƙarfe, Alhaji Ɗantsoho, maigidan Sabiru, ya nuna musu injin. "Yallaɓai, tun da na saye shi ba a taɓa buɗe shi ba. Sakacin yaron ne."

Sufeto ya durƙusa. Fenti ya yi wa injin ɓawo ko'ina, ban da kan kusoshin murfi. Nan sai ƙyalli suke.

"Sukuddireba ta bi ta nan kwanan nan, Alhaji."

Alhaji ya sosa ƙeya. "To, an ɗan kai shi wajen Mas'udu mai gyara a Tsafe."

"An ɗan kai shi!" in ji Inna. "Da gemunka!"

A asibiti suka tarar da Sabiru, hannu naɗe da bandeji. Tsohuwar da ta cika ofis da faɗa ta zauna bakin gado tana yi masa fifita da gefen mayafi.

"Me injin yake yi kafin a kai shi gyara?" Sufeto ya tambaye shi a hankali.

"Gurnani kawai, yallaɓai. Ba ya tashi sai na juya fankar da hannu."

"Kafasitar da ke tayar da moto ce ta mutu ke nan. Bayan gyara fa?"

"Ya tashi. Ina dafa jikinsa, sai na ji kamar an sare ni."

Suka ɗora injin a bayan mota sai Tsafe. Mas'udu ya tarbe su da fara'a. "Kafasita kaɗai na canza, wallahi. Ga tsohuwar nan, duk ta kumbura."

"Buɗe mu gani."

Ya buɗe. Sufeto ya ɗora wa injin mitar gwajin wuta, waya ɗaya a koyil, ɗaya a jikin moto. Allurar mitar ta zabura.

"Wuta na yoyo cikin ƙarfen. Wayar da ya kamata ta zubar da ita ƙasa kuma ga ta a yanke. Wa ya yanke?"

"Ɓera ne, yallaɓai."

"Ɓera mai filaya?"

Inna ta ture kofur gefe, ta sunkuya ta shinshina moton. Ta kankaro wani jan abu da farce ta ɗora a harshe.

"Ni ban san waya ba, amma na san miya. Wanga tattasai ne. Moton injin markaɗe ne, ya sha ruwa har ya ƙoshi. Mi ya kawo shi cikin injin fenti?"

Mas'udu ya zame ya zauna a ƙasa. Ya ce moton asalin sabo ne, shi ya cire ya sayar, ya maye gurbinsa da wannan. Da ya ga yana ta kashe fiyus, sai ya yanke wayar don a karɓa a tafi.

"Ban zaci zai taɓa mutum ba, Inna. Ki yafe mini."

"Ba hannuna ka ƙona ba. Je ka roƙi mai hannun, in an sako ka."

Kofur ya sa masa ankwa, ya wuce da shi mota.

Inna ta riƙo hannun rigar Sufeto. "Ɗan nan, rubuta mini a takarda cewa Sabiru ba shi da laifi. Ka buga hatimi."

"Kina karatu ne, Inna?"

"A'a. Shi zai karanta mini. In ya gama, ya sake."