Gurasar Urganch a Kan Katangar Tasha

Ƙarfe tara saura kwata Muhabbat-opa, wato Yaya Muhabbat, ta dawo daga tashar jirgin ƙasa ta Tashkent, ta tarar da baƙonta Ergash-aka, wato Malam Ergash, durƙushe a ɗakin da ta ba shi haya. Ya ɗage katifa, ya zazzage bargo. Matarsa Sanobar na zaune a bakin gado, hannu dafe da ciki.

"Jakar ba ta nan," in ji Ergash.

Baƙar jaka ce ta fata. Babu kuɗi a ciki, kuɗin na ɗinke a rigar Sanobar. Takardun asibiti ne na jinyar wata takwas, da hotunan ciki, da wasiƙar likitan garinsu Urganch da ta turo su Tashkent. Sha biyun ranar nan za a ba Sanobar gado a asibiti. In babu takardu, sai a koma bayan layi, wata uku. Duk wanda ya dubi idon Sanobar ya san ba ta da wata uku.

Shekara goma sha tara Muhabbat ta yi tana tsayawa a ƙofar tasha tana kaɗa makullai, alamar akwai ɗaki. Gidanta hawa na uku ne, tafiyar minti biyar zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa, rabin kuɗin otal. Mu da muke tsayawa kusa da ita mun san ta da baki, mun san ƙaryarta ta cewa ruwan zafi ba ya yankewa. Amma ko cokali bai taɓa ɓata a gidanta ba. Abin da ya fi cin ta a rai, ita ce jiya ta ce musu in za su ziyarar kabarin waliyyi da safe su bar jakar a ɗaki, jirgi cike yake da masu yankan aljihu.

Ɗan sandan unguwa, Laftanan Davron, ya iso cikin minti goma. Ya cire takalmi, ya duba ƙofa. Ba a ɓalle ta ba.

"Opa, makulli nawa ne?"

"Huɗu. Nawa, na Ergash-aka, na Zumrad mai ɗayan ɗakin, da wanda na ajiye wurin maƙwabciyata Nigora."

"Me kuma ke cikin jakar?"

"Gurasa biyu," in ji Sanobar. "Ni na gasa su kafin mu taso."

Davron bai rubuta wannan ba.

Zumrad 'yar Andijan ce, sarin atamfa ke kawo ta. Ya kira ta a waya.

"Ina kike tun safe?"

"Kasuwar Chorsu, ɗana, tun shida. Ga mai shagon nan, ga masu dako biyu, wa zan ba ka? Ni da dila uku a wuyana, me zan yi da jakar marar lafiya?"

Mai shagon ya karɓi waya, ya ce tun buɗe ƙofa take cin ransa da ciniki.

Nigora ta buɗe ƙofa da sanda a hannu. Gajeriya ce, ƙafafunta a kumbure.

"Makullin na nan inda yake," ta ce, ta nuna kofin shayi a saman kabad. Davron ya sauko da shi. Ƙura ta kwanta a kan makullin, ba sawun yatsa.

"Kin ji motsi da safe?"

"Na ji an buɗe ƙofa wajen takwas. Na ɗauka ita ce. Wa ke shiga gidan Muhabbat bai sha surutu ba?"

Davron ya ce zai je ofis ya rubuta rahoto. Muhabbat ta dubi agogo: goma saura minti biyar. Ta ɗaura ɗankwali.

"Rahoto ba ya ba da gado. Biyo ni."

Tana saukowa tana riƙe gwiwa tana tunani. Jirgin ƙarfe takwas ya zo yau, Tolib bai zo ba. Tolib direba ne, dogo, shekara goma sha ɗaya yana kwaso mata baƙi daga tasha. Ko ranar da matarsa ta haihu bai rasa jirgin takwas ba.

Bayan tasha akwai fili inda direbobi ke ajiye motoci, da doguwar katanga. Tattabaru sun yi cincirindo a waje ɗaya a saman katangar, daidai kan farar motar Tolib.

"Ɗana, kai ne mai tsawo. Kore su, ka sauko min da abin da suke ci."

Davron ya yi ɗage, ya sauko da gurasa biyu. Faffaɗa ne, marasa kauri, zane ya cika su har baki. Duk Tashkent ba mai gasa irinsu, gashin Urganch ne.

Tolib na zaune a benci da abokansa suna shan shayi. Ya miƙe da hannu a ƙirji.

"Opa, lafiya? Kin zo min da hukuma."

"Ina ka shiga ƙarfe takwas?"

"Taya ce ta yi faci."

"Wane mai faci?" in ji Davron.

"Can hanya. Ban san sunansa ba."

"Jiya wa ya hau da kayan Ergash-aka sama?" Muhabbat ta tambaye shi.

"Ni. Aikina ne."

"Kana tsaye na ce su bar ta a ɗaki," in ji Muhabbat. "Ka ga yadda yake rungume da ita, ka ɗauka kuɗin aikin asibiti ne a ciki. Watan jiya da gwiwata ta hana ni hawa, sau biyu na ba ka makullina ka kai baƙi. Mai yanka makulli yana nan bakin tasha, minti uku yake yi."

"Opa, ni? Bayan shekara goma sha ɗaya?"

Ta miƙa masa gurasar da hannu biyu.

"Riƙe. Ka rantse, ka ce gurasa ta buge ka in ka taɓa jakar."

Direbobin suka ajiye kofuna. Tolib ya dubi gurasar, bai ɗaga hannu ba.

"Uwarka ta koya maka ba a jefa gurasa a shara, sai a ɗora ta sama tsuntsu ya ci," in ji Muhabbat. "Ka kiyaye wannan. Shi ya tona ka. Takardun fa, ina ka sa su?"

Ya nuna da haɓa, can ƙarshen filin, inda manyan bokitan shara suke. Motar kwasar shara ta riga ta shigo, tana ɗaga na farko.

Muhabbat da ba ta iya hawa bene sai da hutu uku, ranar nan ta yi gudu. Mun gani da idonmu, ɗankwali a wuya. Ta tare gaban motar, ta buɗe hannuwa. A bokiti na uku aka sami jakar, an tsaga cikinta da reza. Takardun na ƙasa, cikin ɓawon kankana da dusar shayi.

Davron ya tafi da Tolib. Ita ta kwashi takardun a ƙirji ta koma gida, ta jona dutsen guga, ta shimfiɗa ƙyalle, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ergash na ƙirgawa. Ashirin da bakwai, sun cika. Wasiƙar likita ce ta fi jiƙewa, tawada ta ɗan zube, amma hatimi na nan.

Sha biyu saura minti huɗu suka isa tagar asibitin. Matar da ke karɓar takardu ta ɗaga wasiƙar da yatsa biyu, ta yatsine hanci.

"Wannan daga ina?"

"Daga Urganch," in ji Muhabbat.

Matar ta dubi hatimin, ta dubi Sanobar, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta jawo littafi.

"Ɗaki na shida. Gadon bakin taga."