Tsohon da Ke Tsaye a Mashigin Kwarya

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan Yaya Mamuda ne ya faɗa min da bakinsa, direban nan da ke auren Barira 'yar Kawu.

Shekarar da ya sayi ƙaramar motarsa, ya kai ta gareji aka cire akwatin iskar da ta zo da shi. Aka sa mata sabon bututu, bakinsa can ƙasa bayan bamba, don ta ƙara gudu da ruri. Ɗanjuma bakanike ya gargaɗe shi. Ya ce bututun nan duk abin da ya samu zuƙa yake yi, iska ko ruwa. In ruwa ya wuce rabin taya, kada ya shiga. In kuma ta mutu a cikin ruwa, ko da wasa kada ya murɗa makulli, don injin zai farfashe.

Cikin damina aka aiko masa Barira na naƙuda a ƙauyensu. Ya kama hanya shi kaɗai. Dab da magariba ya iso mashigin Kwarya, inda rafi ke ratsa hanya. Ruwa ya kawo, jajir. Ba kowa a wurin. Ko kwaɗi sun yi shiru.

Sai ya hango wani tsoho tsaye a tsakiyar mashigin, da farar riga. Ruwan iyakarsa idon sawu. Tsohon ya ɗaga hannu yana yafito shi.

Mamuda ya ce a ransa, ai ba zurfi. Ya sa giya, ya shiga a hankali.

Ruwa ya kai rabin taya. Ya wuce. Ya fara lasar bamba. Tsohon kuwa yana nan, ruwa a idon sawunsa. Motar ta yi tari sau biyu, ta mutu.

Da ya juya, tsohon yana jikin tagarsa. Bai ji takunsa ba. Ana yayyafi, amma rigarsa a bushe take.

"Sannu, Baba," in ji Mamuda.

"Murɗa makulli, ɗana."

Muryar kamar ana dulmiya tulu a rijiya. Mamuda ya leƙa ƙasa. Ruwa na gudu, amma ba ya rabewa a ƙafafun tsohon. A kan ruwan yake tsaye. Kuma dugadugansa ne a gaba.

"Matarka na jira. Murɗa."

Mamuda bai gaya wa kowa zancen matarsa ba. Ya ce sai ya ga hannunsa na tafiya wajen makullin da kansa, kamar ba nasa ba. Ya danne shi da ɗaya hannun, ya fizge makullin ya jefa cikin riga. Bakinsa ya yi nauyi, da ƙyar ya kamo Ayatul Kursiyyu. Ya fita ta ɗaya ƙofar, ruwa har ƙugu, ya kama gudu bai waiwaya ba. Yana jin numfashi a ƙeyarsa har ya taka tudu.

A ƙafa ya ƙarasa ƙauyen. Ya tarar Barira ta sauka lafiya.

Da safe ya koma da Ɗanjuma da mutanen gari shida. Rafi ya janye, mota na zaune kan yashi. Ɗanjuma ya buɗe bonet, ya taɓa bakin bututun. A bushe yake ƙayau. Ya kwance filogi. Ruwa ya ɓulɓulo daga cikin injin, da ɗumi kamar jini, da dogon farin gashi a ciki.

Ɗanjuma ya ajiye sifana, ya ce shi ba zai sake taɓa motar nan ba.

Wani dattijo a cikinsu ya nuna ƙasan mashigin, inda wani rami mai zurfi yake. Ya ce direbobi uku ya sani da suka murɗa makulli a nan. Motocin an ciro su. Direbobin ne ba a gani ba.

Don haka in damina ta faɗi, kada ɗayanku ya bi mashigin Kwarya shi kaɗai. Kuma kada ku auna zurfin ruwa da ƙafar wanda ba ku sani ba.